Kofin Yayana

A ƙarshen shekarar 1987 aka turo ni aiki asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu, can bayan Fadan Kagoma. In ka kira shi asibiti ma ka yi masa kara. Ɗaki biyu ne da baranda, da benci, da sikelin awon yara da muke ratayewa a reshen mangwaro. A ciki akwai 'yar fitila da kwalbar wani shuɗin ruwa na gwada fitsari. Ana ɗiga fitsarin a ciki a dafa. In ya tsaya a shuɗinsa, lafiya lau. In ya yi kore, a yi hattara. In ya koma ja kamar ƙasar gini, to suga ya riga ya samu wurin zama.

A makarantar koyon aiki an cusa mana cewa ciwon suga na manya ba shi da allurar rigakafi, rigakafinsa a baki yake: a faɗa wa mutane tun da wuri, su rage zaƙi, su rage tumbi, su yi tafiya da ƙafa. Na ɗauki wannan magana da zafi, don na san ciwon tun ban san sunansa ba. Da shi mahaifinmu ya tafi. Abin da na riƙe daga ƙuruciya shi ne randar ɗakinsa da ba ta yini da ruwa, da tururuwar da ke taruwa a bayan ɗaki inda yake fitsari. Mutane suka ce jifa ne aka yi masa a kan rikicin gona.

Saboda haka duk ranar awo, in na gama da jarirai, sai in tsare iyayen a benci in yi musu wa'azina. Ran kasuwa in je gindin ɗorawa, ran Lahadi in roƙi Fasto ya ba ni ɗan lokaci bayan sujada. Matan nan ba su raga mini ba ko kaɗan. Wata tsohuwa ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Sista, da safe kin yi faɗa wai yaro bai yi ƙiba ba. Yanzu kuma kin ce babansa ya rame. Wanne ne za mu ɗauka?" Aka fashe da dariya, ni ma na yi, amma na ci gaba. Maza kuwa ba sa zama. A ganinsu maganar abinci ta mata ce, su nasu ci.

Namiji ɗaya ne ya saurare ni da kunne biyu, shi ne yayana.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma bayan rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe ni har na gama makaranta. Da manomin citta ne kamar kowa. Daga baya ya koma saye a hannun manoma, yana tarawa a Kafanchan, yana bin manyan motoci da ita zuwa Legas. Allah ya buɗa masa. Ya sayi babur, ƙafarsa ta manta hanyar gona. Kunun acca na safe ya zama abincin marasa hali, aka koma shayi mai kauri da madara da burodi, suga kuwa sai cokali ya kusa tsayawa. Aka naɗa shi dattijon ikilisiya, kuma a wajenmu dattijo ba ya zuwa biki ko suna ko godiyar kaka a bar shi haka. Kujerar gaba tasa ce, da tulin shinkafa, da kwalaben minara, wato lemon kwalba, a gabansa. In ya ƙi sha ya raina masu gida. Cikin 'yan shekaru ya yi tumbi, wuyansa ya yi baƙi ta baya, matarsa tana ta dirza da soso tana zaton dauɗa ce. Duk ƙauyen ana yaba mata, wai ta iya kiwon miji.

Da ƙyar na lallashe shi ya kawo fitsari. Na dafa, shuɗin ya ɗan karkata zuwa kore. Na kai shi babban asibiti a Kafanchan aka ɗebi jini. Likita ya ce ciwon bai shigo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, kuma ƙofar a hannun Yaya take. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Yaya ya juyo wajena.

"Auta, irin na Baba ne?"

"Irinsa ne, Yaya."

"To faɗa mini abin da zan yi."

Ban taɓa ganin mai bin magana irinsa ba. Ya jingine babur sai in tafiyar nesa ce. Ya koma zuwa gona da ƙafa, da fartanya a kafaɗa, yara suna binsa da kallo. Ya bar shayi mai suga. Ya ce a dawo masa da faten acca da yakuwa, da wake, da miyar ganye, a rage masa malmalar tuwo. A wurin biki sai ya karɓi kwalbar ya yi godiya ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin damina ta zagayo, tumbin ya sauka, tela ya rage masa wanduna, baƙin wuyan ya fara washewa. Ya ce mini rabon da ya hau tudun bayan gari ba tare da haki ba tun yana saurayi. Fitsarinsa ya tsaya a shuɗi, na ɗaga kwalbar a rana ina kallo kamar wadda aka yi wa kyauta. Shi da kansa ya tashi a majami'a ya ba da shaida, aka tafa masa.

A daidai wannan lokaci, farkon shekarun casa'in, maganar ƙanjamau ta iso mana. Rediyo ba ta da zance sai shi. Daga ofis aka aiko mana da manyan hotuna a manna a bango, na manna su a baranda daidai inda nake tsayawa ina wa'azin rage ƙiba. A jikin hoton an zana wani mutum da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa, a ƙasa an rubuta alamomi, ta farko ita ce rama. Mutanen da na shekara ina fama su riƙe magana ɗaya a kan suga, wannan darasi a rana guda suka haddace shi. Ba sa ma kiran sunan ciwon, sai dai a ce "ciwon nan", a taɓe baki.

Daga nan lissafin ya yi musu sauƙi. Wa ke bin mota zuwa Legas yana kwana a hanya? Wa ya rame a gaban idon kowa? Shaidar da ya bayar a majami'a ma sai aka juya ta, wai rufa-rufa ce shi da ƙanwarsa ta asibiti suka shirya. Ga Fulani nan a bayan gari, tsofaffinsu sirara kamar kara, suna bin shanu har tsufa, ba wanda ya taɓa ce musu komai. Amma su ba su taɓa yin tumbi ba balle a ga saukarsa.

Ban san zancen ya yi nisa ba sai ranar gayyar yankan citta a gonar wani ɗan'uwanmu. Mu mata muna gefe muna tsaga citta muna shanyawa, maza suka taru a inuwa don hutun rana. Al'adarmu a gayya, ƙwarya ɗaya ce ta kunu take zagayawa, babba ya fara sha ya miƙa wa na ƙasa da shi, har ta kai kan samari. Tun kakanni haka ake yi, kuma wanda ka sha ƙwarya ɗaya da shi ba ka kai shi ƙara. A ranar Yaya ne babba a wurin. Matar mai gona ta fito da ƙwaryar, ta wuce shi, ta ba na kusa da shi. Sannan ta koma ta zo da wani koren kofin roba, ta durƙusa har ƙasa a gabansa.

"Baba, ga naka sipesha."

Da ta zage shi da ya fi sauƙi. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Yaya ya dubi kofin, ya dubi ƙwaryar tana tafiya daga hannu zuwa hannu. Ya karɓa ya ce na gode. Ni kuwa na ajiye wuƙar hannuna. Na miƙe zan yi magana ya ɗaga mini hannu, irin ɗagawar da yake mini tun ina yarinya, na koma na zauna ina cin raina.

Abin da ya fi ba ni takaici, kofin nan bai tsaya a gidan ba. Ya zama nasa. In za a yi gayya ko zaman makoki sai a aika a karɓo shi, a gama a wanke da ruwan zafi a mayar. Mutanen da ba sa iya haɗa kai su gyara rijiya, a kan kofin roba sun yi tsari ba tare da an kira taro ba.

Na yi iya yina. Na tsaya a majami'a na ce ciwon nan ba ya bin ƙwarya, ba ya bin gaisuwa, kuma rama iri-iri ce, akwai ta ciwo akwai ta lafiya. Aka ce amin. Na bi gida-gida. Kowa na same shi sai ya rantse shi bai ce komai ba, ji ya yi ana faɗa. Wata ma ta riƙe hannuna da tausayi ta ce, "Ai ko ni ne, Sista, zan rufa wa ɗan'uwana asiri." Na dawo gida ranar ban iya cin abinci ba don baƙin ciki.

Ana nan sai matar Yaya ta zo asibiti. Mu "matarmu" muke ce mata, kamar yadda ake kiran matar ɗan'uwa a wajenmu. Mace ce mai fara'a, tana soya ƙosai a bakin hanya. Ranar ko benci ba ta zauna ba.

"Sista, na zo ki dawo mini da mijina yadda kin same shi."

"Matarmu, lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa samun lafiya irin ta yanzu ba."

"Lafiya? Ni ne ina zuwa rijiya, ba ke ba. In na ajiye bokiti, kowa yana janye nashi. Ƙosai na yana yini a tire, ko yara an hana su saya. A zumuntar mata benci na ni kaɗai ne. Wannan ne lafiya?"

Na buɗe baki zan kawo mata maganar likita, ta katse ni.

"Lokacin da yana da jiki, wa ya taɓa raina ni? Ke kina da aiki, ko an gaishe ki ko ba a gaishe ki ba za ki ci. Ni da mutane nake ci."

Haushinta nake ji, kuma na san ba ƙarya take yi ba.

Da yamma na je gidan. Na tarar da Yaya a ƙofar ɗaki yana gyara ƙotar fartanya. Na ce mu koma Kafanchan a yi masa gwajin ciwon nan, a ba mu takarda, a karanta a majami'a kowa ya ji. Ya yi 'yar dariya.

"Auta, wanda aka gan shi a layin wannan tes, an gama da shi ko me takarda ya ce. Kuma za su ce ke kin saya. Takarda mutum nawa ne za su karanta? Tumbi kowa yana iya karantawa."

"Yaya, ka san abin da likita ya faɗa."

"Na sani. Na fi duk masu zama a bencinki sani."

"To me ya sa?"

Ya ajiye fartanyar. "Suga zai ɗauki shekaru kafin ya kashe ni. Waɗannan mutane sun binne ni ina tafiya da ƙafana. An daina kawo mini citta. Jiya na miƙa hannu zan ɗauki jikan maƙwabci, uwar ta ce yaro yana jin barci. Ina da 'ya'ya mata, wa zai zo nema a gidan nan?"

Na yi kuka, na yi faɗa, har na ce masa matsoraci, kalmar da ban taɓa tunanin za ta fita daga bakina zuwa gare shi ba. Bai yi fushi ba. Ya ce in je gida in huta.

Har yau in na ji masu manyan takardu suna cewa jahilci ne ke kashe mutanenmu, a wayar musu da kai kawai, sai in ji kamar in jefe su da takalmi. Yaya ba jahili ba ne. Da idonsa a buɗe ya koma. Ran kasuwa ya fito da babur ya je ya zauna a teburin mai shayi, daidai inda kowa ke wucewa, ya sa aka haɗa masa mai kauri, ya ce a ƙara suga da murya mai ƙarfi. Ya ɗora da minara. Na tsaya daga nesa ina kallonsa yana haɗiya kamar mai shan magani. A gida matarmu ta koma dafa shinkafa da tuwo mai yawa, tana tsaye a kansa sai ya cinye. A makaranta an koya mini abin da mutum zai ci da abin da zai bari. Ba wanda ya koya mini abin da zai faɗa wa maƙwabta in wandonsa ya yi masa yawa.

Jiki ya dawo, har ya fi na da. Da shi mutane suka dawo. Aka ci gaba da kawo citta, ƙosai ya daina kwana, samari suka fara sintiri a ƙofar gidan. A gayyar da ta biyo baya ƙwarya ta fara daga hannunsa, ba wanda ya ce uffan a kan kofi. Waɗanda suka yaɗa zancen su ne a gaba wajen yi masa barka, wai Ubangiji ya taɓa shi, addu'ar ikilisiya ta yi aiki. Har godiya ta musamman aka yi a majami'a, da waƙa da rawa. Ni ban je ba. Na zauna a asibiti na kulle ƙofa, ina jin gangar zumuntar mata daga nesa.

Wa'azina kuma ya mutu a ƙauyen. In na ce a rage ƙiba sai a kalli juna. Wani dattijo ya ce mini, "Sista, ɗan'uwanki ma da kin kusa kashe shi, da ya bar maganarki ba ga shi ya warke ba?"

Shekaru suka ɗan ja. Wajen ƙarshen shekarun casa'in matarmu ta fara ƙorafi cewa ruwa ba ya zama a randa. Ban tambaye ta komai ba. Na je bayan ɗakinsa na duba, na ga tururuwa. Da ya kawo fitsari na dafa, ko daɗewa bai yi a wuta ba ya koma ja. Yana zaune a benci yana kallo, ya san launin kamar yadda na sani.

"Ya shigo ke nan," ya ce.

Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, wata a samu, wata a rasa. Ya koma faten acca da kansa, amma ƙofar da likita ya ce tana hannunsa ta riga ta fita daga hannunsa. Wata rana salansar babur ta ƙone shi a ƙafa bai ji ba, sai da matarmu ta ga wandon ya manne. Na wanke gyambon nan na ɗaure har na gaji da ƙirga, yana ci yana shiga ciki. Daga ƙarshe a Kafanchan aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Tumbin da ya saya da lafiyarsa kuwa ciwon ya zuƙe shi tas. Ya dawo gida ƙashi da fata, ya fi mutumin hoton nan na baranda rama.

Da kaka ta yi, cittarsa tana ƙasa ba mai tonowa. Sai mutanen gari suka yi masa gayya, don ba zan yi musu ƙarya ba, ba sa barin gonar marar lafiya ta lalace. Suka tono suka kawo har cikin gidansa, aka zauna ana yanka. Muka fito da shi a kujera muka ajiye a inuwa cikin maza, yana ta yi musu sannu, fuskarsa ta ɗan saki. Rabon da in ga ya yi fara'a haka tun kafin asibiti.

Rana ta take, aka kawo kunu. Ƙwarya ta nufo shi, ya gyara zama, ya goge hannu a riga. Ta wuce. Sai ga matar mai gonar nan dai ta gayyar farko, ta ɗan tsufa, ta durƙusa a gabansa da koren kofin roba. Ya koɗe, bakinsa ya ɗan tsage, amma shi ne. Ashe duk shekarun nan ba a yar da shi ba, ajiye shi aka yi.

Wannan karon bai ɗaga mini hannu ba, ni ce na kasa tashi. Ya juyo ya dube ni ta kan kafaɗar matar, ya yi magana ba da ƙarfi ba, amma na ji.

"Auta, da na san za su dawo da shi, da na zauna da ƙafana."

Na so ya watsa mata kunun a fuska. Na so ya jefar da kofin bayan katanga. Amma tun safe yake fama da ƙishirwar ciwon, leɓɓansa duk sun bushe. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye, sannan ya miƙa mata ya ce a ƙaro.